Tafiyar Delhi: Yaron da Ya Dawo da Jinin Ƙanwarsa

Tun da muka dawo kake tambayata abin da ya zaunar da mu Indiya wata da watanni, da kuma ko gaskiya ne zancen da ake yi a unguwa, wai an canza wa ɗan Yayata jini. To gyara zama. An canza ɗin, har ma fiye da yadda masu zancen suka sani, amma sai na biyo da kai tun daga Kano kafin ka gane yadda abin yake.

Ka dai san yaron, ka san wahalar da ya sha da sikila tun yana goye. Sanyi na shigowa ciwon ƙafa da na ƙirji za su taso, a kwana asibiti, a nemi jini, a dawo gida, jim kaɗan a sake komawa. Da hoton kansa ya fara nuna alamar yana iya samun shanyewar ɓarin jiki, likitansa ya ce lokaci ya yi da za a yi maganar dashen ɓargo. Sharaɗin farko shi ne a sami ɗan'uwa na ciki ɗaya wanda tambarin ƙwayoyin jikinsa, wanda likitoci ke kira HLA, ya yi daidai da nasa. Kowane ɗan'uwa, damar ya dace ɗaya ce cikin huɗu. Aka gwada yaran gidan, Allah Ya sa autarsu ta dace, ga shi kuma ita AA ce. Ba wai a Najeriya ba a yin aikin ba: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi wa wani yaro mai sikila tun 2011, na Jami'ar Legas ma ya fara a 2024. Mu dai likitanmu da wani asibiti na gefen Delhi ya haɗa mu. Mahaifin yaron ya sayar da fili, dangi suka yi karo-karo, shi ya zauna neman cikon kuɗi, ni kuma aka ce tunda ina jin Turanci in raka Yaya da yaran biyu.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi, muka yada zango a Addis Ababa, muka kwana a sama zuwa Delhi. In za ka bi hanyar nan kada ka bar katin rigakafin shawara a gida, don suna tambayarsa. Abu na farko da ya ɗaure min kai agogo ne. Indiya ta riga mu da awa huɗu da rabi, ni kuwa duk zatona tazarar lokaci tsakanin ƙasashe ba ta zuwa da rabi. Na biyu hazo. Lokacin sanyi muka sauka, gari ya yi fari fat, na ce wa Yaya ashe su ma suna da hunturu irin namu. Direban da ya ɗauke mu ya ce ba ƙura ba ce, hayaƙin motoci ne da na karan shinkafa da manoman jihohin Fanjab da Haryana ke ƙonawa, ya haɗu da raɓa ya tokare gari. Ga mu da yaro mai raunin ƙirji. Tun a cikin motar muka ɗaura masa takunkumi.

Kai da ka girma da kallon finafinan Indiya kamar ni, kada ka sa ran ganin ana rawa a kan duwatsu. Abin da za ka gani shi ne Adaidaita Sahu, kore da ruwan ɗorawa, a mahaifarsa, don ai daga can ake kawo mana su. Suna tuƙi ta hagu, suna danna hon ba dalili, saniya kuma tana kwance tsakiyar titi ba mai ce mata tashi. Ɗan Indiyancin da na tsinta a sinima kuwa, duk na soyayya ne da na faɗa, ba wanda zai taimake ka wajen cinikin albasa. Masaukinmu wani gidan haya ne kusa da asibitin, cike da masu jinya daga Iraƙi, Afganistan, Sudan da Uzbekistan, har da wani dattijo Bamaraɗe da ya kawo matarsa aikin zuciya, wanda ya zama abokin shayina. Yaya ta ƙullo kuka da daddawa tun daga gida, amma sai muka tarar kasuwarsu akwai kuɓewa, suna ce mata bindi, akwai gero da suke kira bajra, da dawa da suke kira jowar. Ba mu yi kewar tuwo ba.

Ranar da muka fara zama da babbar likitar sashen, wata mata mai furfura da jan ɗigo a goshi, na leƙa takardar da ke gabanta na ga an rubuta rukunin jinin yaron A, na ƙanwarsa kuma O. Gabana ya faɗi. Tun a sakandare aka karantar da mu cewa haɗa jinin da bai dace ba kisa ne, ga shi mun ƙetare teku da kuɗin fili. Na ce mata, cikin ladabi, ko ba a lura ba? Ta yi murmushi ta ce an lura sarai, kuma ba ni ne kawu na farko da ya yi wannan tambaya ba.

Ga yadda ta warware mana, ni kuma ina juya wa Yaya da Hausa. A cikin kusan kowace ƙwayar jikin mutum akwai wasu ƙunshe-ƙunshe na gado guda 46, biyu-biyu har 23, ana kiransu kuromozom. Rabi daga uwa, rabi daga uba. Umarnin rukunin jini, wato A da B da O da wani likitan Austiriya mai suna Karl Landsteiner ya gano a 1901, yana kan na 9. Umarnin HLA kuwa yana kan na 6. Tunda ba a ƙunshi ɗaya suke ba, kowanne da hanyar da ake gadonsa, shi ya sa wa da ƙanwa za su dace a ɗaya su saɓa a ɗaya. A dashen ɓargo HLA ne abin dubawa, don da shi sojojin jiki ke bambance na gida da baƙo. Ta ce tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na dashen da ake yi daga wani mutum zuwa wani, rukunin jinin bai zo ɗaya ba, kuma ana yi lafiya. Sai ta ƙara da maganar da ta sa Yaya ta gyara mayafi: bayan aikin, yaron zai bar A ya koma O.

Ta kuma ba mu wani labari na ƙasarsu. A 1952 wani likita a Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, ya gano wani rukunin jini da ba kasafai ake samunsa ba, wanda a gwajin yau da kullum yake fitowa kamar O, alhali mai shi ko jinin O aka ƙara masa sai ya cutu. Har yau da sunan garin ake kiransa. Na ce a raina, ashe haruffan nan da muka haddace don cin jarrabawa ko bakin ƙofar ilimin ba su kai ba.

Yadda jini ke canzawa ba wani siddabaru ba ne in ka san inda ake yinsa. Cikin ɓargon ƙashi akwai wasu ƙwayoyi da su ne iyayen jini: su ke haifar jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙar cuta, da ƙananan da ke tsayar da zubar jini. Ɗauki ɓargo a matsayin gona. Ana share ta ƙarƙaf, a shuka irin wani, abin da zai tsiro kuwa na mai irin ne, ba na mai gonar ba. Sharar ita ce mai wuya. Kwanaki aka yi ana ɗura wa yaron magunguna masu ƙarfi irin na masu ciwon daji, a wani ɗaki da ake tace iskarsa, wanda ba ka shiga sai ka wanke hannu har gwiwa ka sa riga da hula da takunkumi. Gashinsa ya zube, bakinsa ya yi gyambo, ko ruwa da ƙyar yake haɗiya. Yaya ce ke kwana da shi, ni nawa leƙe ta gilashi da zirga-zirgar kantin magani.

Ita auta, barci aka sa ta, aka zuƙo ɓargon da allura daga ƙashin ƙugunta ta baya. Washegari tana tafiya tana ɗingishi tana neman a cika mata alkawarin 'yartsana, kuma likitoci suka ce cikin 'yan makonni jikinta zai mayar da abin da aka ɗiba. Da yake jinin O na ɗauke da sinadarin da ke far wa jinin A, sai da aka rage ruwan da ke cikin ɓargon kafin a kawo. Ni ina jiran in ga an tura yaro ɗakin tiyata, sai ga nas da wata jaka ja, irin ta ƙarin jini sak, ta rataye ta, ta haɗa da bututun da ke ƙirjinsa. Shi ke nan dashen. Ba wuƙa, ba ɗinki. Ƙwayoyin da kansu suke bin jini su nemi cikin ƙashi su zauna. Wannan rana ita suke kira ranar sifiri, daga ita ake fara lissafi, nas-nas ɗin har waƙar zagayowar haihuwa suka yi masa.

A jikin bangon barandar da nake zaman jira akwai hoton wani Bature mai farin gemu. Na tambaya aka ce Donnall Thomas ne, likitan Amurka da ya fara wannan aiki tun shekarun 1950, aka ba shi kyautar Nobel a 1990. Indiya ta yi nata na farko a 1983, a asibitin Tata na Mumbai. Warkar da sikila ta wannan hanya kuwa kusan tsintuwa aka yi: a 1984 likitoci a Amurka suka ba da rahoton wata yarinya mai shekara takwas da aka yi wa dashe saboda sankarar jini, sai aka wayi gari sikilar da take da ita ma ta tafi.

Makonnin da suka biyo baya su ne na zullumi, don tsohon ɓargo ya mutu, sabo bai kama ba, ƙaramin zazzaɓi na iya zama babban abu. Kullum da asuba a ɗebi jini, da hantsi mu taru muna jiran adadi. Wata Juma'a Bamaraɗen nan ya ja ni muka hau jirgin ƙasan cikin gari zuwa tsohuwar Delhi, muka yi salla a Jama Masjid, wato babban masallacin Juma'a da Sarki Shah Jahan, mai ginin Taj Mahal, ya kammala a 1656. Jan dutse ne da farin marmara, farfajiyarsa kaɗai ta isa filin idi. A lungunan da ke kewaye da shi na ci naman da ya fi kowanne daɗi a zamana, na kuma sha turmutsutsun da ya sa na daina kuka da Kantin Kwari. A asibiti kuma na gane ba mu kaɗai ke fama da cututtukan jini na gado ba. Yawancin yaran sashen wata cuta ce da su mai suna talasimiya, 'yar'uwar sikila. Ita sikilar ma suna da ita sosai a tsakiyar ƙasar, musamman cikin ƙabilun karkara, har gwamnatinsu ta ƙaddamar da shiri a 2023 da burin shawo kanta kafin 2047. Da can na ɗauka ciwon baƙar fata ne kaɗai.

Cikin mako na uku fararen ƙwayoyin suka fara hawa. Rukunin jinin kuwa ba dare ɗaya ya juya ba. Jar ƙwayar mai lafiya tana yin kwana 120 kafin ta mutu, ta mai sikila kuwa 10 zuwa 20 kawai, saboda haka sai da tsofaffin suka ƙare a hankali. A tsakanin nan ma'aikacin ɗakin ajiyar jini ya nuna min kwalbar gwajin yaron, wani sashe ya dunƙule wani bai dunƙule ba, ya ce jini biyu ne ke zaune a jiki ɗaya. Duk ƙarin da aka yi masa a lokacin na O ne, wanda aka haska da wata na'ura don kashe fararen ƙwayoyin da ke ciki. Ya kuma faɗa min wani abu da ya fi wannan ban mamaki. Tambarin A ba a jini kaɗai yake ba, yana jikin bangon jijiyoyi da wasu sassan jiki, a yawancin mutane har cikin yawu. Waɗannan ba sa canzawa. Don haka sabon ɓargon yakan saba da su, ba ya ƙera makamin yaƙar A kamar yadda na cikakken mai O ke yi. Duk ɗakin gwajin da bai san tarihin yaron ba zai ga sakamako mai karo da juna, shi ya sa suka ba mu kati suka ce ya riƙa yawo da shi.

Sai ranar da aka kawo sakamakon gwajin da ke nuna ko ɓargon wa ke aiki. Likitar ta shigo da fara'a ta ce albishirinku, duk ƙwayoyin da aka ƙirga XX ne. Ka tuna biyun ƙarshe cikin kuromozom ɗin nan su ke raba jinsi, mace XX, namiji XY. Ina gama fassarawa Yaya ta dafe ƙirji ta yi salati.

"Kai, tambaye ta da kyau. Mace zai koma?"

Yaron da kansa ya ɗago daga filo ya ce, "Kawu, wai da gaske?"

Likitar ta jawo kujera ta zauna. Ta ce jini da sojojin jiki kaɗai suka zama na ƙanwarsa. Fata, tsoka, ƙwaƙwalwa, hanta da 'ya'yan maraina duk nasa ne, XY, kuma sinadarin da ke fasa murya ya fito da gemu daga maraina yake zuwa, ba daga ɓargo ba. Halinsa ma ba zai zama nata ba. Su jajayen ƙwayoyin da suka nuna ba su da kuromozom ko ɗaya, farare ake dubawa. Daga baya ta sa aka nuna min hoton gwajin a kwamfuta: an shafa wa X launi ɗaya, Y wani launin, kowace ƙwaya ta fito da ɗigo biyu masu haske iri ɗaya. Ta ce bambancin jinsin ma sauƙi ne gare su wajen bibiya, kuma a sikila ko kusan kashi 20 cikin ɗari na ɓargon ne ya zama na mai bayarwa yakan isa ya hana ciwon tashi. Amma ba ta ɓoye mana ɗaya gefen ba. Sojojin mace ba su taɓa sanin Y ba, don haka sun fi saurin ɗaukar jikin namiji a matsayin baƙo su far masa, a fata ko hanji ko hanta. Wannan ya sa zai daɗe yana shan maganin da ke kwantar da su. Ya ɗan yi ƙuraje a tafin hannu da wuya, aka ƙara magani suka lafa.

Wani matashin likita mai aikin dare, da muka saba shan shayin madara mai citta a bakin ƙofa, shi ya ba ni labarin yadda wannan abu ke rikita 'yansanda. A 2004 a jihar Alaska ta Amurka, gwajin DNA na wani laifin fyaɗe ya nuna wani mutum, aka duba aka ga yana kurkuku lokacin da aka yi laifin. Ashe an taɓa dasa masa ɓargon ɗan'uwansa, jininsu ya zama iri ɗaya, kuma ɗan'uwan ne mai laifin. A 2019 kuma jaridar New York Times ta kawo labarin Chris Long, wani ma'aikacin ofishin 'yansanda a jihar Nevada, wanda aka dasa wa ɓargon wani Bajamushe. Jininsa ya koma na Bajamushen, goge cikin kumatunsa ya nuna su biyun, gashinsa ne kawai ya tsaya nasa zalla. Har a maniyyinsa DNA ɗin Bajamushen aka samu, amma fa an riga an yi masa aikin toshe hanyar haihuwa, abin da aka gani fararen ƙwayoyin jini ne, ba irin haihuwa ba.

Wannan gaɓar ce ta fi tsaya min a rai, don ita ta shafe mu kai tsaye. Kuskuren da ke haddasa sikila yana kan kuromozom na 11, kuma in ban da sabon jinin, yana cikin kowace ƙwaya ta jikin yaron, har da irin da zai haifu da shi. Dashe bai taɓa wannan ba. Yau in ka kai jininsa kowane ɗakin gwaji a Kano, AA za a rubuta maka, da gaskiyarsu. Amma duk ɗan da zai haifa sai ya gaji S daga gare shi. In ya auri AA, 'ya'yansa duka AS ne. In ya auri AS, kowane ciki rabi da rabi ne a haifi SS. Ga shi a 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure, har da na jinotayif, abu mai kyau a ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara. Sai dai takardar gwajin jini ba za ta faɗi gaskiyar wanda aka yi wa dashe ba. Likitar ta ce in ana son sanin ainihin gadonsa, daga saiwar gashi ko fata ake ɗauka, ko a koma wa tsohuwar takardarsa. Ta kuma gaya wa Yaya ƙiri-ƙiri cewa magungunan share ɓargo na iya raunana haihuwar ma baki ɗaya, sai ya balaga za a duba. Yaya ta yi shiru, sannan ta ce a dai bar mata shi da rai, sauran na Allah ne.

Ba su sallame mu ba sai bayan ranar ɗari ta lissafinsu. Kafin mu taso muka kai yaran Kutub Minar, wata hasumiyar jan dutse mai tsawon kusan mita 73 da aka fara ginawa sama da shekara 800 da suka wuce. Yaron na sanye da takunkumi, gashinsa ya fara tsirowa, ya zagaye wurin da ƙafarsa ba tare da ya nemi a goya shi ba. Muka biyo ta Addis muka sauka Kano da jakar magunguna da ta fi ta tsaraba nauyi, da jadawalin rigakafi sabo fil. Duk alluran da aka yi masa yana jariri sun tafi da tsohon ɓargo, sai an sake su ɗaya bayan ɗaya. Hunturun bana ya wuce bai kwana asibiti ba, kuma in suka yi faɗa da auta sai ta ce ya ba ta jininta.

Irin yaran nan suna ƙaruwa a garuruwanmu, wasu daga Indiya, wasu daga Benin da Legas, kuma nan da 'yan shekaru za su isa aure. In kai waliyyi ne, ko limamin da ke karɓar takardar gwaji, ko ma'aikacin ɗakin gwajin, ka ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda ka saba yi: an taɓa yi maka dashen ɓargo? Iyaye kuma su adana tsohuwar takardar da ke cewa SS, su faɗa wa surukai gaskiya tun kafin a sa rana.